Ruwan da Bai Kai Gwiwa Ba: Nazarin Ambaliya a Wani Siton Sinadarai a Kakuri

Kamfanin da wannan nazari ya shafa sarin sinadarai yake yi a Kaduna. Ba zan faɗi sunansa ba, mai shi kuma Alhaji kawai zan riƙa kiransa. Yana ɗauko kaya daga Legas da Kano ya sauke a sitonsa, ƙananan diloli su zo su yi sari su kai Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Zariya da Saminaka da Kafanchan. Masu fiya wata da otal-otal suna sayen garin kulorin da alum a wurinsa. Mata masu haɗa sabulun ruwa suna sayen soda da salfonik. Masu walda na Panteka suna sayen kabaid, masu shagunan kayan noma suna ɗibar maganin feshi. Da zarar kaka ta ƙarato kuma, 'yan kasuwar hatsi sai su zo neman ƙwayar nan da ake sa wa wake da masara don ƙwari, wadda suke kira bom.

Siton yana ɓangaren Kakuri, cikin tsofaffin gine-ginen da suka rage daga zamanin masaƙu. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 unguwar ta cika da ɗakunan ajiya, da masaƙun suka durƙushe kuma aka shiga ba da hayarsu da araha. Don ƙunshin auduga da bandir ɗin yadi aka gina su: fili fetal, daɓe shimfiɗaɗɗe ba tudu ba matakala, ga ramin kwata a tsakiya don ruwan wanke ƙasa ya fita. Shekara da shekaru ana ƙara wa titin waje kwalta, ƙasa da shara suna taruwa, har daɓen siton ya koma ƙasa da titi. A bayan katanga akwai rafi da ke gangarawa Kogin Kaduna, tsallakensa gidajen mutane ne.

Aikina ba da shawara ne kan kiyaye haɗari a wuraren sana'a, an kuma kira ni bayan abin ya faru. Ina so mai karatu ya sani tun daga nan cewa Alhaji ba mutumin sakaci ba ne. Yana da rajista, yana da takardun NAFDAC na kayan da yake kasuwanci da su, tukwanen kashe gobara suna rataye a bango kuma ba su lalace ba. Duk shirinsa na wuta ne. Ruwa bai taɓa shiga lissafinsa ba, kuma yawancin masu wannan sana'a a garin nan haka suke.

Lokacin kasuwa da lokacin kogi

Damina a Kaduna tana kamawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Kogin daga tsaunukan Jos ya taso, saboda haka yana iya cika ya batse alhali a cikin gari rana ake yi. Mutanen Kigo Road da Kabala Costain da Bashama Road da Nasarawa sun san wannan, kuma manya a cikinsu ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Abin da masu sito a Kakuri da Kudenda suka fi mantawa shi ne, ba sai kana bakin kogi ba. Idan kogi ya cika, ƙananan rafuka ba su da inda za su juye nasu ruwan, sai su tsaya, su kumbura, su koma baya ta cikin lambatu da kwatoci. Ruwan sai ya ɓullo maka ta ƙasa, ta hanyar da ka yi masa don ya fita.

Sai a haɗa wannan da yadda kasuwar ke tafiya. Maganin feshin ciyawa ana cika sito da shi a Afrilu da Mayu, daidai lokacin da iskar farkon damina ke kwashe rufin kwano. Bom kuwa ana shigo da shi a Agusta da Satumba don a tari kaka, daidai lokacin da kogi ke kan ganiyarsa. Wato kayan da ya fi kowane kaya ƙin ruwa, a watan ruwa yake fin yawa a sito. Alhaji ya yi shekaru yana yin haka, don idan ya jira Oktoba farashi ya tashi, abokan hamayya sun riga shi.

Yadda aka jera kayan

A nan zan daɗe, don nan ne tushen abin. Wanda ya tsara siton kasuwa ya bi, kuma a idon ɗan kasuwa tsarin ba shi da aibu. Abin da ake saye kullum yana kusa da ƙofa. Abin da mutum ɗaya ke saye tare yana wuri ɗaya. Mai nauyi yana ƙasa don kada 'yan dako su wahala.

Saboda haka bokitan garin kulorin masu kilo 45 suna dama da ƙofa, jarkokin asid na wanke tayil da bayi suna manne da su, tunda mai otal idan ya zo duka biyun yake ɗauka. Akwai bokitin da aka buɗe ana auna wa masu sayen kilo-kilo, murfinsa ɗora shi kawai ake yi. Akwai jarkokin da aka sha rabi. Can ciki, jikin bango, buhunan soda masu kilo 25 an jera su sun fi tsayin mutum, layin ƙasa a kan siminti tsirara. Kowane buhu yana da leda a ciki, amma ƙugiyar 'yan dako ta huda da yawa. Da kwalayen bom suka iso wuri ya cika, sai aka samar masu gurbi a gefen sodar, aka ɗora su kan katakon ɗora kaya guda biyu, ɗaya bisa ɗaya. Kwalayen maganin feshi suna tsakiya. Durom-durom na kabaid suna waje a kan dakalin sauke kaya ƙarƙashin rumfa, don kawai 'yan dako sun ƙi shigar da su saboda nauyi. Jarkoki da durom da aka juye suna tsakar fili ana jiran masu saye.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da halinsa idan ya ga ruwa. Soda tana narkewa da zafi, ruwanta yana cin fata, yana kuma cin alminiyom. Garin kulorin idan ya jiƙe yana ɗumama yana fitar da hayaƙi, idan kuma asid ya taɓa shi sai iskar kulorin ta tashi da yawa. Iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen ninki biyu da rabi, don haka kwanciya take yi a ƙasa, ta bi gangara. Kabaid kilo 1 yana ba da wajen lita 300 na iskar da masu walda ke ƙonawa. Bom kuwa, ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin mai guba idan ta samu danshi, kuma ƙwaya uku zuwa biyar sun isa su kashe ƙwarin da ke cikin tan guda na hatsi. Gwangwani mai kilo 1 yana ɗauke da ƙwaya sama da 300. Fosfin ba shi da makari, kuma idan ya taru a rufaffen wuri yana iya kamawa da wuta da kansa. Gwangwanin da ake zuba bom a ciki na alminiyom ne.

Duk wannan yana rubuce cikin takardar bayanin haɗari da ke biyo kowane sinadari daga masana'anta. Sashe 16 gare ta. Na 7 yana faɗin yadda za a ajiye kayan, na 10 yana faɗin abin da ba ya jituwa da shi. Na tarar da takardun a ofis, an haɗa su da rasit-rasit a fayil ɗaya, da Turanci, ba wanda ya taɓa buɗe su a cikin masu ɗaukar kayan da hannunsu.

Daren

Wani daren Satumba ne, an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Baba maigadi ya ce tun bayan isha'i ya ga rafin ya daina gudu, ya tsaya cak yana hawa. Wajen ƙarfe 11 ruwa ya shigo fili. Ya haska tocila ta ƙarƙashin ƙofar sito ya ga ciki ma ya jiƙe, alhali na waje bai kai bakin ƙofar ba tukuna. Ta ramin kwatar nan ya ɓullo.

Lamba ɗaya gare shi, ta Alhaji, shi kuma yana kashe waya idan zai kwanta. Makulli yana hannun mai kula da sito, wanda ke zaune a Kawo, tsallaken kogi. Na tambayi Baba abin da ya yi tsakanin 11 da asuba. Ya ce:

"Malam, ina ji ina gani ruwa yana shiga. Ba ni da makulli. Ko ina da shi ma, wa ya ce in taɓa kayan Alhaji? Na ɗauke tabarmata da rediyo na hau dakali, ina ta kira."

Ban ga laifinsa ko kaɗan ba. Shi kaɗai ne ya ga abin tun yana ƙarami, kuma shi kaɗai ne ba a ba ikon yin komai ba. Tsakanin lokacin da ya ga rafi ya tsaya da lokacin da ruwa ya taɓa buhun farko akwai sa'o'in da mutum shida za su iya ɗage duk abin da ke da haɗari.

Ruwan bai kai gwiwa ba. Alamar da ya bari a bango iya ƙwauri ta tsaya. Amma jarkar da aka sha rabi ba ta buƙatar fiye da haka kafin ta tashi ta yi iyo. Jarkokin asid suka kife, biyu daga ciki murfinsu bai ɗauru ba. Bokitin kulorin da aka buɗe ya tuntsure a gefensu. Can ciki layin ƙasa na soda ya narke, na sama suka rasa madogara, jerin ya zube cikin ruwa.

Da asuba Alhaji ya kunna waya. Kafin ƙarfe 7 ya iso da mai kula da sito da 'yan dako. Tun daga bakin titi ido ke yaji, mutanen tsallaken rafi kuma sun fito ƙofar gida suna tari, wata mata tana riƙe da jaririnta tana tambaya ko gas ne ya fashe. Da aka ja ƙofa, wanda ya buɗe ta ya durƙusa yana haki. Duk da haka wani matashi ɗan dako ya naɗe wando, ya ɗaure hanci da riga, ya kutsa ta ƙofar baya da silifa don ya ceto wa maigidansa kaya. Ya fito yana cewa ruwan santsi gare shi, amma ba ya jin komai. Haka soda take: ba ta saurin yin zafi, sai ta ci ciki. Kafin a ankara ƙafafunsa sun yi ja, fata ta fara saɓulewa tsakanin yatsu. Wani ya ruga neman manja, wani ya ce a fasa ƙwai. Mai kula da sito ne ya hana, ya sa aka cire masa wandon, aka zaunar da shi ana kwarara masa ruwan fiya wata leda bayan leda har mota ta zo. Abin da ya dace ke nan: ruwa mai tsabta da yawa, minti 20 ko fiye, ba mai, ba man goge baki. Yaron ya yi makonni kafin ya taka ƙasa sosai. Wanda ya shaƙi iskar ma an kwantar da shi, don kulorin yana iya tara ruwa a huhu bayan sa'o'i, lokacin da mutum ke ganin ya warke.

Da 'yan kwana-kwana suka iso, tambayarsu ta farko ita ce, me da me ke ciki, kuma a ina? Littafin kaya yana ofis cikin durowar ƙasa ya jiƙe sharkaf, kwamfuta ma a ƙasan tebur take. Da ka aka yi ta lissafowa. Suka janye mutane zuwa inda iska ke fitowa, suka bar ƙofofi a buɗe, suka hana kowa shiga. Da gobara ce ta tashi a wannan daren, ruwan da za su fesa shi ne abin da kabaid da bom ba sa so, kuma ba mai gaya masu.

Sai da yamma, bayan ruwa ya janye, aka shiga da takalman roba da abin rufe fuska na gaske. Na je washegari na ga wurin da kwalayen bom suke. Katakon ƙasa ya nutse gaba ɗaya, na sama ruwa ya lashi gindinsa. Kwalin da ke ƙasa ya tsotsi danshi ya yi laushi, idan ka danna da yatsa sai ya lotsa. Tsakanin alamar ruwan soda da gwangwanayen alminiyom bai fi faɗin tafin hannu ba. An fito da su fili an duba ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya huje. Na tsaya ina kallon gidajen da ke tsallaken rafi, inda mutane ke barci a kan tabarma da katifa a ƙasa da tagogi a rufe saboda sanyi, gabana ya faɗi. Katako na biyun nan ba don ruwa aka sa shi ba, an rasa inda za a jingine shi ne.

Bayan ruwa ya janye

Asarar kaya ita ce ƙarama a cikin abin da ya biyo baya. Yawancin ruwan da ya narkar da soda da kulorin ya koma ta inda ya shigo, ya bi rafi zuwa kogi, kuma a gefen kogin nan masu lambu ke ban ruwa. Wannan ba mai iya dawo da shi. Abin da ya saura a kwarin daɓe, 'yan dako sun so su share shi da tsintsiya zuwa kwata. An hana, aka toshe ramin, aka kwashe da famfo zuwa tankunan roba, laka kuma aka zuba a durom. Na matsa wa Alhaji ya kai rahoto ga KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha. Ya yi jinkiri don tsoron tara, daga baya ya je. Gidajen tsallake rijiya suke sha, sai ya ɗauki nauyin ruwan tanka har aka yashe rijiyoyin aka gwada ruwansu.

Akwai abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Jarkoki da durom ɗin da aka juye, waɗanda ke tsakar fili, ruwa ya kwashe su ta inda katanga ta faɗi, mutane suka tsince su. Jarka mai kyau a unguwar da ake sayen ruwa, wa zai bar ta? Wasu na maganin ƙwari ne, wasu na asid. Sai da mai unguwa ya sa aka yi sanarwa a masallatai da coci-coci, Alhaji kuma ya ce duk wanda ya dawo da ɗaya za a ba shi kuɗin sabuwa, sannan suka fara dawowa. Ba duka aka samu ba.

Sai kwalaben maganin feshi. Kwalayen sun ruɓe, kwalaben suna nan a rufe, amma takardar jikinsu ta ɓare. Wani dila ya zo ya ce a bar masa su rabin kuɗi, zai san yadda zai yi. A nan na ga halin Alhaji. Ya ce masa: "Malam, manomin da zai sayi wannan bai san abin da ke ciki ba, ni ma ban sani ba. Idan ya fesa wa masararsa maganin da ke ƙone komai, ko yaronsa ya kurɓa, a wuyan wa? Ba na algus." Aka ware su, aka mayar wa kamfanin da ya kawo su waɗanda lambarsu ke jikin kwalba. Garin kulorin da ya sha danshi ma ƙarfinsa ya ragu, mai fiya wata da zai auna shi yadda ya saba ba zai kashe ƙwayar cutar da yake zaton ya kashe ba.

Inshora kuwa ba ta biya ba, kuma bisa ƙa'ida. Ta gobara ce kawai. Ambaliya da guguwa sai an ƙara su a takarda an biya kuɗinsu daban. Raunin maƙwabta da gurɓata muhalli ma wani rukuni ne dabam. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, amma a can ma sai an karanta abin da aka sa wa hannu.

Abin da aka sauya

Mun fara da alamar da ruwa ya bari a bango. Aka ja layin fenti a kanta, aka ƙara rabin mita, aka ce duk abin da ruwa ke tayar wa hankali ba zai ƙara kwana ƙasa da wannan layi ba. Na dage kan ƙarin, don ruwan da ka gani ba shi ne iyaka ba. A 2017, da guguwar Harvey ta afka wa jihar Texas a Amurka, masana'antar Arkema da ke garin Crosby tana da janareta da shirin ko-ta-kwana, amma ruwa ya haura inda suka yi zato, ya cinye janaretocin, sinadaran da ke buƙatar sanyi suka kama da wuta, aka kwashe mutanen kewaye.

Aka sake jera siton bisa halin kaya da ruwa. Kulorin ya samu ɗakinsa shi kaɗai, mai tagogin iska a ƙasa da sama, a kan dakalin siminti. Asid ya koma ƙarshen ɗaya ɓangaren, cikin 'yar katangar da za ta iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da ke cikin mazubi mafi girma, an kuma kewaye jarkokin da sarƙa don kada su yi iyo. Soda aka ɗora ta a kan kantar ƙarfe. Ramin kwata aka sa masa marfin da ke barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa. Kowane durom da jarka ana rubuta sunan abin da ke ciki da fenti, tunda takarda ba ta jure ruwa. Mai otal yanzu sai ya tsaya a ƙofa biyu kafin ya gama sayayya, wasu suna ƙorafi, Alhaji ya ce su yi haƙuri.

Bom da kabaid an fitar da su daga Kakuri ɗungum, zuwa wani ɗaki a kan tudu nesa da gidaje. Ya kuma daina cika sito da bom a Agusta. Kaɗan-kaɗan yake ɗaukowa har ruwa ya ɗauke. Ribarsa ta ragu a nan, ya kuma faɗa mini haka ba ɓoye-ɓoye.

Rufi ma an taɓa shi. A 2020 guguwar Laura ta yaye rufin masana'antar Bio-Lab a jihar Louisiana, ruwan sama ya sauka kan sinadarin kulorin da ake zuba wa wuraren ninƙaya, wuta ta tashi, hayaƙin kulorin ya rufe gari, ba tare da ambaliya ta shiga ba. Iskar Afrilu a Kaduna ba ta kai wannan ba, amma ta isa ta ɗaga kwanon da ƙusarsa ta yi tsatsa. Yanzu kowane Maris kafinta yana hawa.

Ɓangaren da ya fi faranta mini rai ba kuɗi ya ci ba. An kafa ƙarfe a bakin rafi, aka yi masa fenti kore da rawaya da ja. Idan ruwa ya taɓa rawaya, Baba zai kira mutum uku a jere, kuma wayar ɗaya daga cikinsu ba ta mutuwa da dare daga Yuli zuwa Oktoba. Makulli na biyu yana hannun wani ma'aikaci da ke zaune a Makera, tafiyar ƙafa. 'Yan dako na unguwar an yi yarjejeniya da su kan kuɗin fitowar dare. Idan ruwa ya taɓa ja, ba mai shiga, kowa ya fita, a kira lambar gaggawa ta 112, a buga wa mai unguwa. Alhaji ya tara su ya faɗa da bakinsa a gaban kowa: "Baba, idan ka ce a ɗage kaya, ni na ce. Idan ka ce a fita, ko ni ne a ciki in fita." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in dai haka ne, ku bar mini sauran." An gwada ɗage kayan da rana, aka ga inda ake cin karo da juna, aka gyara hanya.

An koya wa 'yan dako alamomin jikin kaya da launi, ba sai sun iya Turanci ba: shuɗiya mai lamba 4 ba ta son ruwa, rawaya mai 5.1 tana rura wuta, fari da baƙi mai lamba 8 yana cin jiki. An gaya masu takunkumin asibiti da riga a hanci ba sa tare kulorin. Jerin kaya da taswirar siton, da Hausa da Turanci, suna cikin leda a ɗakin maigadi, suna kuma WhatsApp ɗin mutum huɗu, ana sabunta su duk Juma'a. Hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi, da na ambaliya da NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna, ke fitarwa a farkon shekara ana duba su, amma ƙananan hukumomi suke ambata, ba za su gaya maka abin da rafin bayan katangarka ke yi da ƙarfe 11 na dare ba. Masu ɗibar yashi da kwale-kwale a kogi sukan riga kowa sanin ruwa na zuwa, mai kula da sito ya karɓi lambar biyu daga cikinsu.

Zaman da aka yi da maƙwabta shi ya fi wuya. Alhaji bai so ba, yana ganin idan suka san abin da ke ciki za su tayar masa da hankali. Ni kuma ina ganin haƙƙinsu ne, tunda su suka shaƙa. An zauna a ƙofar gidan mai unguwa, aka gaya masu: idan kun ji ƙararrawa ko warin da ke sa ido yaji, ku ɗauki yara ku nufi tudu, ta inda iska ke fitowa, kada ku bi gangaren rafi. Sun yi faɗa, sun faɗi maganganu masu zafi, matar nan mai jariri ta fi kowa. Amma su ne yanzu ke hana zuba shara a lambatun.

Inda muka rabu

Ni a ganina siton bai kamata ya zauna a wurin ba. Duk gyaran da aka yi yana rage haɗari ne, daɓen dai yana nan ƙasa da titi, rafi yana nan, gidaje kuma ƙaruwa suke yi. Mai ginin ya ƙi ɗaga daɓen da kuɗinsa, ya kuma ƙi a cire daga haya. Alhaji ya duba wurare a gefen Mando da hanyar Zariya, haya ta ninka, diloli kuma sun saba da Kakuri, tirela tana shigowa cikin sauƙi. Ya ce idan ya tashi, wanda zai gaje ginin wataƙila wani mai sinadaran ne da bai ga abin da ya gani ba, kuma wannan magana tasa gaskiya ce, don a layin kaɗai akwai wasu sitocin da kulorin da asid ke kwana kafaɗa da kafaɗa. Na ba shi shawara ya kai maganar ƙungiyarsu ta diloli, a gayyato 'yan kwana-kwana da hukumar agajin gaggawa ta jiha su zaga sito-sito kafin Yuli. Ya kai, mutum huɗu suka yarda a shiga nasu. Hayarsa tana ƙarewa a Janairu, kuma har yanzu bai ba mai ginin amsa ba.